Ɗigo Ɗaya

Shekarar da hakiya ta gama cinye idanun Kaka Nomau
ni aka ba aikin karanta masa izifi bayan la'asar,
a zauren gidanmu na Bagalam,
inda buhunan gujiya suka tare rabin haske.

Nawa bugun Madina ne, tsarabar Hajiya Tamo,
takardarsa sumul kamar cikin sabon kwano.
Nasa yana cikin gafaka, warwara ne, babu ɗinki.
Shekara uku ya yi yana rubuta shi a Tibiri
tun uwata ba ta iya zama ba:
baƙi da tawadar da ya dafa da hannunsa, wasali da ja,
hamza ɗigon rawaya, kamar gwaiduwar ƙwan zabo.

Rannan muna cikin Baƙara,
wurin mutumin da ya kwanta shekara ɗari
ya farka, aka ce ya dubi jakinsa, ya dubi ƙasusuwa.
Na karanta kalmar da zaira.
Ya ɗaga yatsa: "Ra ce."
Na ce, "Kaka, ga ɗigo nan, ina ganinsa."
Ya ce, "Ni ma ina ganin rashinsa."

Na yi shiru.
Cikin jakata akwai salula,
cikin salula akwai wani mai farin gilashi
da ya kwana uku yana nanata mini
wai littafin da ya kasu biyu ba tsararre ba ne.
Ban gaya wa kowa ba.
Fura dai ta daina yi mini daɗi.

Sai na tambaya, murya ƙasa-ƙasa,
kamar mai taya abin da ta san ya fi ƙarfin aljihunta:
"To wanne ya sauka?"

Bai yi salati ba. Bai ce shaiɗan ne ba.
Ya laluba buta, ya matsar da ita daga rana.
"Da zairarki, ana ɗaga ƙashi a ɗora bisa ƙashi.
Da ra tawa, ana mayar musu da rai.
Ke, jakin nan, wanne za ki hana masa?"

Na ce wannan ba amsa ba ce.
Ya ce haka ne, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ya lafa sai ya shiga jero mutane:
shi daga bakin Gwani Mantau na Gazawa,
Mantau daga wani gurgu a Tasawa,
gurgun daga wani da ko sunansa ya goge, sai laƙabi,
yana lanƙwasa yatsu har suka ƙare.
"Da Warshu da Hafsu, kowa kunne ya miƙa.
Ɗigo baƙo ne, daga baya ya iske su.
Abin da ya wuce nan ban sani ba, ɗiyata.
Tahi ki tambayi wanda ya fi ni,
amma ki tambaya da rana, ba cikin bargo ba."

Ya sa na buɗe gafaka, na ƙirga warƙa arba'in da ɗaya.
Wadda ta biyo ta fi sauran fari.
Gara ce ta cinye ta farko, in ji shi,
ya sake zubo ta daga ka, dare guda,
washegari gardawa huɗu suka zauna a kanta
suka kama shi da wasali ɗaya.
Ga kankarar nan har yau, tabon reza.

Ya rasu da damina, gulbi ya cika har ya taɓa gonakin Sumarana.

Yanzu ina koyar da lissafi a lakwal ta Zariya.
Na tambaya da rana, na samu amsoshi,
wasu sun zauna, wasu har yanzu suna tsaye bakin ƙofa.
Littattafan biyu suna kan kanta ɗaya.
Duk watan da na iso wurin jakin nan
harshena yakan tsaya, daidai faɗin ƙwayar gero,
ina jiran yatsa ya ɗagu.